Katin QSL na Haɗin Gida: Abin da Ke Sa Ya Karɓu da Abin da Ke Ɓata Shi

Masu lasisin rediyon sha'awa biyu sun haɗu a gajeren zango, ɗaya yana Japan, ɗaya yana Jamus. Sun faɗa wa juna alamar kiransu, wato haruffa da lambobin da ake gane kowace tasha da su, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa yadda yake jin sa, cikin minti guda sun yi sallama. Abin da ya rage bayan haka layi ɗaya ne a littafin tashar kowannensu, kuma da yake kowa shi ya rubuta nasa, ba ya zama hujja a gaban wani. Wannan giɓin ne katin QSL yake cikewa. Takarda ce da wancan ɓangaren zai aiko yana shaida cewa lalle an yi maganar, rana kaza, lokaci kaza, a zango kaza. Haruffan uku suna cikin gajerun alamomin da ke farawa da Q, waɗanda taron wayar iska na duniya ya amince da su a Landan a 1912, kuma nufinsu "na tabbatar da samun saƙonka". Daga shekarun 1920 aika katin ya zama al'ada a tsakanin masu wannan sha'awa, har aka gina lambobin yabo a kansa. Mafi shahara ita ce DXCC ta ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, wadda ake ba wanda ya kawo shaidar magana da ƙasashe da yankuna 100 daga cikin 340 da ke jerinta.

Saboda haka duk mai son haɗa katinsa a gida sai ya fara da sanin cewa takardar shaida yake haɗawa. Fuskar katin tasa ce, ya sa hoton eriyarsa, ko zanen hannu, ko abin da ransa yake so. Amma ɓangaren bayanai yana da ƙa'ida, kuma a nan ne akasarin katunan gida suke faɗuwa, duk da kyawun da aka zuba musu.

Me zai sa mutum ya wahalar da kansa alhali akwai maɗaba'u? Maɗaba'a tana araha ne idan za a buga ɗaruruwa ko dubu. Wanda ya fita da na'urarsa zuwa wani tsibiri na kwana biyu, ko aka ba shi alamar kira ta musamman don wani biki, ko yake shirin sauya gida, kati arba'in ko sittin kawai yake bukata, sauran duk asara ce. Na biyu, firintar gida tana ba shi damar buga bayanan kowace magana kai tsaye daga littafin tasha, ba tare da kwafa da hannu ba. A ganinmu, idan bukata ba ta wuce kati ɗari biyu ba, aikin gida ya fi. Idan ta haura haka, musamman da hoto mai cika fuska, kuɗin tawada kaɗai zai mayar da mutum maɗaba'a.

Bayanan da ba a wasa da su

Kati ba ya cika sai da alamar kiran mai aikawa, alamar kiran wanda aka yi magana da shi, kwanan wata, lokaci, zango, salon watsawa, rahoton sigina, da wurin da tashar take a lokacin. Sai kuma kalma mai nuna cewa maganar ta ɓangare biyu ce, wadda akan buga da "Confirming QSO" ko "2-way". Wannan kalmar tana da amfani domin masu saurare kawai su ma suna aika katuna suna cewa sun ji tasha kaza, kuma dole mai dubawa ya iya rarrabe katin saurare da katin magana. Duk waɗannan a tara su a gefe ɗaya, har da alamar kiran mai katin, ko da an riga an buga ta da manyan haruffa a fuska. Mai tantance katuna ɗari a zama ɗaya ba ya son juya kowane kati sau biyu.

Lokaci shi ne babban tarko. Ana rubuta shi da agogon UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya da aka fi sani da GMT, da lambobi huɗu, kamar 1435, kuma kwanan watan ma na UTC ne. Mutane da yawa suna gyara awa su manta da rana. Tashar da agogonta yake gaban UTC da awa ɗaya, idan ta yi magana da ƙarfe 12:30 na dare ranar 5 ga wata, a kati 2330 za ta rubuta, ranar 4 ga wata. A Japan, inda tazarar awa tara ce, duk maganar da aka yi kafin ƙarfe tara na safe ta jiya ce a lissafin UTC. Wanda ya karɓi kati mai kuskuren rana zai buɗe littafinsa ya duba, bai ga komai ba, sai ya mayar da shi da alamar "ba ya cikin littafi", bayan an shafe watanni ana jira.

Yadda ake jera kwanan watan ma matsala ce mai zaman kanta. Ba'amurke yana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, Bature kuma 3 ga Afrilu. Maganin mai sauƙi ne: a ware gida uku masu kai, rana, wata, shekara, sannan a rubuta watan da haruffa uku, kamar APR, ko da lambar Romawa, kamar IV. Shekara a rubuta ta cikakkiya.

A gidan zango kada a rubuta lamba tsirara. "10" na iya nufin zangon mita 10, wato megahaz 28, yana kuma iya nufin megahaz 10, wanda shi ne zangon mita 30. Ko dai a buga MHz a kan gidan a riƙa rubuta 14 ko 21, ko a buga m a riƙa rubuta 20 ko 15, a tsaya a kan ɗaya. Salon watsawa a faɗe shi dalla-dalla, SSB ko FM na murya, CW na Morse, RTTY ko FT8 na dijital, domin akwai lambobin yabo daban na murya, na Morse da na dijital. Idan ta tauraron ɗan'adam aka bi, a rubuta sunansa. Rahoton sigina na murya lamba biyu ne, ta farko daga 1 zuwa 5 tana nuna yadda ake fahimtar magana, ta biyu daga 1 zuwa 9 tana nuna ƙarfi, shi ya sa ake yawan ganin 59. Morse yana da ta uku don tsabtar sauti, 599. FT8, wanda ya fito a 2017, da desibel yake bayar da nasa, kamar -12, don haka gidan rahoton ya zama mai faɗin da zai ɗauki alama huɗu, kuma kada alamar ragi ta ɓata a cikin layin tebur.

Sai wuri. Sunan ƙasa ko yankin DXCC wajibi ne. Bayansa akwai ƙarin da ke sa katin ya yi wa mai karɓa amfani sau biyu ko uku: shiyyar CQ, ɗaya daga cikin 40 da aka raba duniya, shiyyar ITU, wato ta hukumar sadarwa ta duniya, da murabba'in Maidenhead, tsarin da ya samo sunansa daga garin Ingila inda aka tattauna shi a 1980. Alamominsa huɗu na farko, kamar IO91 da ya ƙunshi Landan, suna nuna fili mai faɗin digiri biyu gabas da yamma, digiri ɗaya kudu da arewa, kuma masu aiki a zangon VHF da su suke ƙirga nasarorinsu. Masu tara tsibirai a ƙarƙashin shirin IOTA suna bukatar sunan tsibirin ya fito a buge a jikin katin. A nan katin gida ya fi na maɗaba'a nesa ba kusa ba, tun da ana iya sauya wuri a kowane bugu. Kuma alamar kiran da aka yi amfani da ita a iska ita za a buga, da /P ɗinta idan an fita da na'ura daji, ko da ƙarin harafin wata ƙasa idan a can aka yi aikin.

Game da alamar kiran wanda ake aika wa, haruffan da ke rikita masu rarrabawa sanannu ne: sifili da O, 1 da I, 5 da S, 2 da Z, U da V. A yi wa sifili sara a tsakiya, a rubuta da manyan haruffa a rarrabe. In an yi kuskure, kada a goge, kada a shafa farin ruwan gyara, kada a maimaita biro a kan harafi. Dokokin DXCC ba sa karɓar kati mai alamar gyara, har wanda ya gabatar da shi ma yana iya shiga tuhuma, alhali ba shi ya rubuta ba. A yaga a ɗauki sabo. Mai buga nasa a gida ba shi da uzurin rowar kati ɗaya.

Girma, nauyi da kwali

Girman da aka saba a duniya shi ne milimita 140 a tsawo, 90 a faɗi. Dalilinsa yana ofisoshin rarraba katuna da ƙungiyoyin ƙasashe suke gudanarwa ƙarƙashin inuwar IARU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1925. A can ana ɗaure katuna dami-dami, ana aika su ƙasa zuwa ƙasa a kan nauyi, kuma yawancin masu aikin 'yan sa kai ne. Katin da ya fi sauran girma yana leƙowa daga dami, gefensa ya lanƙwashe ko ya yage. Wanda ya yi ƙanƙanta yana maƙalewa a tsakanin biyu ya tafi wata ƙasa. Jarabar da ke kama mai haɗin gida ita ce ya raba takardar A4 gida huɗu kawai, ya samu A6, milimita 148 da 105. Yana da sauƙin yanka, amma ya zarce da milimita 8 a tsawo, 15 a faɗi.

Nauyi lissafi ne mai sauƙi. Faɗin kati ɗaya murabba'in mita 0.0126 ne. Da kwali mai gram 200 a murabba'in mita, kati zai yi gram 2.5, mai 250 zai ba da gram 3.15, mai 300 kuma kusan 3.8. Takardar ofis mai gram 80 gram ɗaya kacal take yi, amma ba ta kai wa inda za ta lafiya, a cukuikuye take isa. Tsakanin 200 da 250 ne daidai: yana da ƙarfin tsayawa, kuma yawancin firintocin gida suna iya jan sa. Laminatin kuwa a bar shi. Yana ƙara nauyi, yana hana rubutu da hatimi zama, kuma katunan da aka yi wa shi suna zamewa daga dami. Wanda yake son sheƙi ya nemi kwalin da aka shafe gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen a bar shi garau don biro.

Takardar A4 tana da milimita 297 da 210, don haka kati huɗu suna shiga idan an kwantar da ita: biyu a jere sun ci 280, biyu a tsaye sun ci 180. Saura 17 da 30, wato 8.5 hagu da dama, 15 sama da ƙasa. Dole tsarin ya zauna daram a tsakiya. Idan ya karkata da milimita biyu zuwa hagu, da an juya takardar don buga baya zai karkata zuwa ɗaya gefen, bambancin gaba da baya ya zama huɗu. Ko da an daidaita komai, firintar gida tana kauce wa da milimita ɗaya ko biyu a kowane ja, shi ya sa ba a kai rubutu kusa da baki. A bar milimita 5 a kowane gefe, a ƙasan ɓangaren bayanai kuma a bar kamar santimita ɗaya babu komai, saboda wasu ofisoshin rarrabawa suna buga alamarsu a wajen.

Hoton da ya cika fuska har baki yana bukatar rara, wato a ja shi ya wuce layin yanka, don kada farin zare ya fito a gefe. Maɗaba'u rarar milimita 3 suke nema. A A4 wannan ba ya yiwuwa da kati huɗu: 146 sau biyu 292 ne, saura milimita biyu da rabi a kowane gefe, kuma yawancin firintoci ba sa bugawa kusa da baki haka. Ko dai a rage rarar zuwa milimita 2, jimla ta zama 288, ko a tsara katin da farin gefe tun farko, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi ɓoye kuskuren yanka. Hoton kansa ya kai ɗigo 300 a inci, wato kusan 1654 da 1063 ga kati ɗaya. Wanda aka kwafo daga dandalin sada zumunta yawanci an matse shi, a allo yana da kyau, a takarda sai ya fito dishi-dishi. Allo kuma haske yake fitarwa, takarda ba ta yi, don haka a ɗan ƙara wa hoton haske kafin bugu. Kafin a danna bugawa a duba cewa girma yana kan kashi 100. Zaɓin da ke daidaita shafi da kansa yana rage komai da kashi kaɗan ba tare da sanarwa ba, sai an gama yanka a ga katin ya gaza.

Tawada ko hoda

Firinta mai fesa tawada tana fitar da hoto mai kyau, amma tawadar iri biyu ce. Mai rini tana narkewa da ɗigon ruwa ɗaya kuma rana tana kodar da ita. Mai ƙwayar launi ta fi jure duka biyun. Katin da zai yi shekara ko biyu a buhunan gidan waya da ɗakunan ajiya, sannan a liƙa shi a bango, ya cancanci ta biyun, aƙalla a ɓangaren bayanai. Gwajinta: bayan awa ɗaya da bugu, a jiƙa yatsa a goga a kan alamar kira. Hoto mai duhu sosai yana jiƙa kwali har ya nannaɗe, don haka a buga gefen bayanai tukuna, a bar shi ya bushe, sannan a buga fuska, a danne takardun ƙarƙashin abu mai nauyi su kwana kafin yanka.

Firintar laser ba ruwanta da ruwa, amma hodarta da zafi ake narkar da ita a kan takarda, kuma kwali mai kauri yana shanye zafin. Idan ba a zaɓi "takarda mai kauri" a saitin ba, wanda ke sa injin rage gudu, hodar ba ta kamawa, sai ta riƙa ɓarewa da farce. A liƙa salatif a kan rubutun a ɗaye. In baƙi ya biyo shi, ba ta kama ba. Kada a kuskura a sa takardar hoto ta firintar tawada a cikin laser, shafen da ke kanta yana iya narkewa ya lalata abin dumamawar. A kowace irin firinta, ƙofar baya ko tiren hannu, inda takarda take wucewa a miƙe, ta fi tiren ƙasa da ke lanƙwasa ta. A fara da takardar banza da aka zana wa kibiya, don a gane ta wace fuska ake mayar da ita.

Buga bayanai daga kwamfuta yana kawar da kuskuren hannu ya kawo nasa. Manhajojin littafin tasha suna fitar da bayanai a tsarin ADIF, inda 4 ga Maris 2024 yake zama 20240304, sai an juya shi zuwa gidaje uku. Mafi haɗari shi ne wucewa ta Excel ko makamancinsa: yana ɗaukar lokaci a matsayin lamba ya zubar da sifilin gaba, 0035 ya koma 35, rahoton -05 ya koma -5. A mayar da duk layukan su zama rubutu kafin a shigar da bayanan. Masu amfani da sitika maimakon bugu kai tsaye su sa hannu ko hatimi ya haye bakin sitikar zuwa jikin katin, don a san ba a ɓare ta daga wani wuri aka liƙa ba, kuma su guji sitika mai raunin gam, wadda zafi ke ɗagawa.

Yanka yana son rula ta ƙarfe, wuƙar takarda mai sabuwar reza, da tabarmar yanka, ko injin yanka mai faifai. Kada a haɗa fiye da takarda biyu a lokaci ɗaya, ta ƙasa tana zamewa. Dabarar da ke ceton aiki ita ce a yanka daga alama zuwa alama ba tare da ratsa bakin takardar ba, ta yadda firam ɗin waje zai riƙe alamomin har a gama layi na ƙarshe. Wanda ya fara da yanke gefe gaba ɗaya ya zubar da alamomin da zai bi.

Akwai masu barin firinta gaba ɗaya, su sassaƙa alamar kiransu a roba ko lino su riƙa dangwalawa, ko su yi wa kowane kati zane da hannu. Waɗannan katunan suna da daraja ta musamman a wurin mai karɓa, domin ya san an zauna an yi masa. Sassaƙar a juye ake yin ta, kamar yadda rubutu yake fitowa a madubi, kuma N da S da Z su ne suka fi yaudarar hannu. Tawadar mai tana ɗaukar kwanaki kafin ta bushe, ta ruwa kuma tana gogewa da danshi. Ko fuska ta hannu ce, teburin bayanai ya fi kyau da hatimi ɗaya tsayayye ko bugun firinta. Duk abin da aka liƙa, hoto, ƙyalle ko ƙyalƙyali, yana kama katin maƙwabci a dami, irin wannan sai a ambulan.

Hanyar aikawa ma tana shafar tsari. Ta ofishin rarrabawa, alamar kiran mai karɓa ta fito ɓaro-ɓaro a kusurwar sama ta dama, tare da gidan "via" don tashoshin da suka wakilta wani ya kula musu da katuna, kuma a jera katunan bisa haruffan ƙasa, JA na Japan wuri ɗaya, DL na Jamus wuri ɗaya. Hanya ce mai araha amma mai jinkiri, kuma ba kowace ƙasa ke da ofishin ba, sai a duba abin da mutumin ya ce yana so kafin a aika. Ta gidan waya kai tsaye, ambulan C6 mai milimita 162 da 114 yana ɗaukar katin ba ninki. A haɗa da ambulan na biyu mai adireshin mai aikawa da abin biyan kan sarki na dawowa, a sa ninkinsa ya kalli ƙasa don kada wuƙar buɗe wasiƙa ta raba shi biyu. Kati da ambulan biyu ba sa kai gram 20. Takardar amsa ta ƙasa da ƙasa, IRC, tana da ranar ƙarewa, kuma wasu ƙasashe sun daina sayar da ita, Amurka tun 2013. Ba a rubuta alamar kira a bayan ambulan na waje, domin tana nuna wa mai mugun nufi cewa akwai kuɗi a ciki. A ƙasan katin a sa gida biyu na zaɓi, PSE QSL ga mai neman a aiko masa, TNX QSL ga mai godiyar wanda ya samu, don kada a yi ta aika wa juna kati ba iyaka.

Wani ruɗani da ya zo da intanet yana bukatar warwarewa. Tun 2003 ARRL take gudanar da LoTW, inda tashoshi biyu suke ɗora littattafansu da sa hannun dijital, idan alamar kira, zango da salo sun dace, lokaci kuma bai saɓa da fiye da minti 30 ba, shaida ta tabbata ba tare da takarda ba. Akwai kuma eQSL, inda ake musayar hoton kati. Mutum yana iya buga wannan hoton a gida ya liƙa a bango, amma DXCC ba ta karɓar sa, domin daga firintar mai neman lambar ya fito. Katin gida da ake karɓa shi ne wanda mai shaidar ya haɗa ya aiko. Don haka wanda yake ɗora littafinsa a LoTW kuma yake aika kati ya tabbatar daga littafi ɗaya duka biyun suke fitowa, sannan ya rubuta a gaban kowace magana ranar da katin ya tafi da hanyar da ya bi, ta ofishi ko kai tsaye, don idan aka sake tambaya bayan shekara biyu ya san ko zai buga wani.